Duniya Makaranta: Wane launi ne jirgin da bai taɓa tashi ba?

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da shadda ko atamfa ya san inda wannan magana ta tsaya. Mai saye zai shigo kanti, ya ɗauki turmi ya jujjuya ƙarƙashin fitila, sa'an nan ya ce: «Alhaji, bari in fita da shi bakin ƙofa in duba a rana.» Alhaji kuwa ba ya jin haushi, don shi ma haka yake yi in ya je sari. Su duka biyun sun san launin da ido ya gani a inuwa dabam yake da wanda jama'a za su gani a filin idi. Wannan ƴar tafiya daga cikin kanti zuwa bakin ƙofa ita ce tushen zancen wannan mako, ko da yake labarin daga nesa ya fito, daga Amurka, kuma bisa wani jirgi ne wanda bai taɓa ɗagawa daga ƙasa ko da taƙi ɗaya ba.

Wasan manya

Da farko ya kamata a bayyana wa mai karatu irin wasan da ake magana a kai. Kowa ya san yaran unguwa masu ƙera mota da waya da gwangwanin madara, ko da karan dawa, su ɗaura mata igiya su yi ta ja. To, a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai irin wannan, sai dai can manya ne suka fi yi, kuma kamfanoni ne ke shirya kayan. Faransawa suna kiran abin maquette. Kamfani zai narka roba ya zuba ta cikin mazubi, ta fito ƙananan gaɓoɓi, wani lokaci hamsin, wani lokaci ɗari biyar ko fiye, a sa su cikin kwali tare da takardar bayani da ƴan lambobi na mannawa. Mai saye shi ne zai yanke kowace gaɓa, ya goge, ya manne da gam, har jirgi ko mota ko tankar yaƙi ta tashi sak ta ainihi, sai dai ƙarama, ta zauna bisa tebur. Heller a Faransa, Airfix a Ingila, Tamiya da Bandai a Japan, duk da wannan haja suka yi suna.

Aikin yakan ci wa mutum wata uku ko shida na dararensa bayan ya taso daga buro. Mannewa ba ta cika ba da tsoro ba, tun da takarda ta faɗi inda kowace gaɓa za ta shiga. Ranar fenti ita ce ranar fargaba. Fenti in ya bushe bisa roba cire shi wahala ne, don maganin da ke narka fenti sau da yawa yakan ci robar ma. In kuwa aka yi ta shafa wani bisa wani, ƙananan zane-zanen jikin jirgin sai su nutse, kamar rubutun tsohuwar dala da hannuwa suka shafe. Aikin wata shida da kuɗin da aka kashe duk sukan rataya ga gwangwani ɗaya.

In jirgin yaƙi ne na gaske, gardama ba ta yin tsawo. Akwai kundin launuka na hukuma, kowane launi da lambarsa: Jamus ta kafa nata mai suna RAL a 1927, Amurka ta fitar da nata, Federal Standard 595, a 1956. Mai haɗawa ya duba lamba, ya sayi gwangwanin da ya dace, shi ke nan. Amma akwai wani rukuni na dabam, wato kumbunan sama jannati na labaran ƙage, waɗanda marubuta da masu silima suka ƙago. Babu rundunar da ta mallake su, babu kundin da ya rubuta launinsu. Mai karatu zai ce to ai nan sauƙi yake, kowa ya shafa abin da ransa ke so. Abin mamaki, nan ne musu ya fi zafi, kuma labarin kumbo ɗaya ya isa ya nuna dalili.

Jirgi ɗaya, launi uku

Ran 8 ga watan Satumba na 1966 gidan telebijin na NBC a Amurka ya fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙago. Labarin wasu matafiya ne na zamani mai zuwa, masu ratsa taurari cikin wani kumbo da ake kira Enterprise. Wanda ya zana siffarsa, Matt Jefferies, ya san jiragen sama ciki da waje, don ya yi aiki cikin jirgin yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi masa faffaɗan faifai a gaba, da ganga a ƙasa, da dogayen bututu biyu a baya. A cikin labari tsawon kumbon ya kai metir 289. A zahiri kuwa abin da aka riƙa ɗauka hoto samfur ne na katako da roba da ƙarfe, tsawonsa metir 3 da santimetir 35, nauyinsa wajen kilo 90, wanda Richard Datin da wasu masu sana'a uku suka gama a watan Disamba na 1964 a jihar Kalifoniya. Gefen dama kaɗai aka gama ƙawatawa. Ta gefen hagu wayoyin lantarki ke fita, kuma in ana son a ga jirgin ya nufi ɗaya ɓangaren, sai a manna masa lambobi a juye, daga baya a juya fim ɗin.

Daga baya wani kamfani na jihar Mishigan mai suna AMT ya fitar da Enterprise na roba cikin kwali, mai tsawon santimetir 46, kuma an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Robar fara ce. Yaro ya haɗa jirginsa, ya duba telebijin, ya ga abu fari-fari yana wucewa cikin duhu, sai ya bar nasa fari ya rataye a ɗaka. Haka miliyoyin mutane suka girma suna rantsuwa cewa Enterprise fari ne tas.

Sai dai maƙwabcinsa ba haka ya gani ba. Samfur ɗin ana ɗaukarsa hoto ne gaban wani shuɗin labule, ƙarƙashin manyan fitilu masu tsananin haske, don daga baya a cire shuɗin a sa taurari a gurbinsa. Fitilu suna kashe launi su mai da shi fari-fari, labule yana watsa masa shuɗi, fim ɗin kuma sai an sake kwafarsa sau da dama kafin a haɗa jirgi da taurari. Bayan duk wannan, yawancin gidajen Amurka a lokacin telebijin mai baƙi da fari gare su, masu mai launi kuwa kowa da yadda ya murɗa tasa. Saboda haka wani ya ga fari, wani ya ga ruwan toka, wani ya ga ruwan bula, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ma'aikacin da ya saba da takardar da aka yi wa kopi, aka sake yi wa kopin kopi har hatimi ya koma baƙin tabo, shi zai fi kowa gane abin da ya faru.

To ashe jiragen uku ne. Akwai samfur ɗin da ke ajiye a ɗakin ɗaukar hoto, da fentin da masu sana'a suka shafa masa. Akwai wanda ya fito a telebijin. Akwai kuma wanda ya zauna cikin zuciyar mai kallo tun yana yaro. Mai riƙe da buroshi dole ya zaɓi ɗaya, kuma yawancin faɗan da ake yi ya samo asali ne daga mutane biyu, kowa na zancen jirgi dabam, suna tsammanin jirgi ɗaya suke nufi.

Garin neman gira

A 1974 kamfanin Paramount ya ba da babban samfur ɗin kyauta ga gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a birnin Washinton, gidan da ya mallaki jirgin ƴan'uwan nan Wright na 1903 da kumbon Apollo 11 na 1969. Ya iso a wargaje cikin akwatuna, da dauɗa, wasu gaɓoɓi ma sun ɓace. Aka yi masa gyara a 1974, aka sake a 1984, aka kuma sakewa a 1991. Gyaran na uku shi ne ya ta da ƙura. Gwanin da aka ba aikin ya sake wa jirgin fenti, ya ja masa layuka masu duhu, ya ƙara masa inuwa da ratsin tsufa a ko'ina. Masu kare aikinsa suna da hujja: abin da aka yi don fitilun silima dole a ƙarfafa masa zane, in ba haka ba haske ya cinye shi. Amma mai ziyarar gidan tarihi da idonsa yake kallo, taku biyu tsakaninsa da jirgi. Masoyan wasan suka ce wannan ba jirginsu ba ne, an je neman gira an rasa ido, kuma sun yi shekara fiye da ashirin suna wannan kuka.

Abu ɗaya ya ceci al'amarin. Duk waɗanda suka taɓa sa hannu cikin gyaran, har da na 1991, sun bar saman faifan yadda yake, ba su shafa masa sabon fenti ba. Can sama, inda mai kallo daga ƙasa ba ya ko gani sosai, fentin zamanin ɗaukar wasan ya zauna da tsufansa da ƴan tsage-tsagensa.

A watan Satumba na 2014 gidan tarihin ya sauke samfur ɗin, aka kai shi ɗakin bincikensa da ke Virginia, ƙarƙashin kulawar Margaret Weitekamp da Malcolm Collum. A wannan karo ba a yi gaggawar buɗe gwangwani ba. An fara tsai da rana: jirgin da za a maido shi ne na watan Agusta na 1967, lokacin da aka yi masa sauyi na ƙarshe don ɗaukar hoto. An aro injin hoton ƙashi daga gidan namun daji na Washinton, wanda ake duba dabbobi da shi, don a ga cikin katakon ba tare da an fasa ba. An ɓanɓaro ƴan ƙwayoyin fenti waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, aka sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, aka ga shafe bisa shafe, kamar yadda mai haƙar rijiya ke ratsa yashi ya tarar da laka, ya ratsa laka ya tarar da marmara. An kuma roƙi jama'a duk mai tsohon hoton samfur ɗin ya aiko. Sai da aka yi fiye da shekara ana wannan, kana aka kira masu fenti, cikinsu har da ƙwararru daga kamfanin Industrial Light and Magic. Ran 28 ga watan Yuni na 2016 aka sake buɗe shi ga masu kallo.

Me aka tarar? Launin asali ruwan toka ne mai ɗan ratsin tsanwa. Masu rantsuwa da fari ba su ci gardama ba. Masu cewa jirgin sumul yake babu ko tabo su ma ba su ci ba, don bisa faifan an samu siraran layuka da aka ja da fensir, da ƴan ratsin tsufa masu laushi da aka yi tun asali. Gwanin 1991 bai ƙagi layukan daga kansa ba. Gishirin ne ya yi wa miya yawa.

Ranar da shuɗi ya koma ja

Labari na biyu ya fito daga fim ɗin George Lucas na 1977, wanda aka nuna a ƙasashen faransanci da sunan La Guerre des étoiles. Lucas ya so jiragensa su yi kama da kayan da aka daɗe ana mora, masu tsatsa da tabon mai da faci, kamar tsohuwar motar kaya da ta sha hanya. Masu ƙera masa samfur suka riƙa sayen kwalayen tankoki da motoci da jiragen ruwa na roba, suna cire gaɓoɓi suna mannawa bisa jikin kumbuna don su yi kama da inji mai sarƙaƙiya. Fentin da suka fi mora na wani kamfani ne mai suna Floquil, wanda aka yi don ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Fentin nan an daina yinsa a 2013, saboda haka mai neman ainihin launin yanzu sai dai ya gauraya da kansa.

Shahararren kumbon fim ɗin, Faucon Millenium, shi ma ba ɗaya ba ne. An ƙera babba mai tsawon fiye da metir ɗaya da rabi don fim na 1977, aka ƙera ƙarami na wajen santimetir 80 don fim na biyu a 1980, kuma tabonsu da facinsu na ja da na toka ba su zo daidai ba. Shi ya sa da kamfanin Bandai ya fitar da babban kwalinsa na wannan kumbo a 2017, sai da ya faɗi a fili cewa samfur na 1977 ya bi.

Wani abu ma ya fi wannan ban sha'awa. A rubutun farko na labarin, rundunar jarumin fim ɗin shuɗiya ce, kuma da shuɗin fenti aka yi niyyar yi wa ƙananan jiragenta alama. Amma tun da gaban shuɗin labule ake ɗaukar hoto, duk inda shuɗi yake a jikin jirgi sai ya ɓace tare da labulen, taurari su leƙo ta cikin fiffike. Dole aka mai da alamar ja, rundunar ma aka sake mata suna. Jan da masoya ke auna wa da ɗigo-ɗigo a yau, larurar kamara ce ta haife shi. Sanin haka ya kamata ya sanyaya zuciyar mai gardama.

Darasin kumbunan gaske

Akwai masu haɗawa da ba su damu da bin silima ba, nasu launin suke so su ƙago. Su ma suna da inda za su nemi shawara, wato wurin injiniyoyin kumbunan gaske, waɗanda ba sa shafa launi sai da dalili. A sararin samaniya gefen da rana ta buga yakan kai wajen digiri 120 na zafi, gefen inuwa kuwa ya yi ƙasa da sifiri da fiye da digiri 100. Fari yana mai da hasken rana, shi ya sa ya yi yawa a jikin kumbuna da rigunan ƴan sama jannati. Nauyi ma abin lissafi ne. A tashi biyu na farko na kumbon Columbia, a 1981, an shafa wa babban tankin mansa farin fenti. Daga tashi na uku, a 1982, aka daina, aka bar shi da ruwan tsatsarsa na asali, kuma da haka aka rage nauyin wajen kilo 270.

Waɗanda suka yi lekol za su tuna rokar Tintin mai dara-daran ja da fari, wadda Hergé na Beljiyam ya zana cikin littattafansa na tafiya wata a 1953 da 1954. Zanen nan ya samo asali daga rokar Jamus mai suna V-2, wadda aka riƙa yi wa irin wannan ado na baƙi da fari a lokacin gwaji, don masu kallo daga ƙasa su gane ko tana juyawa cikin tashi. Ita rokar Tintin ba a cika musu bisa launinta ba, don tawada ce bisa takarda, asalinta ɗaya. Mai ƙagen launi in ya tambayi kansa abin da injiniya zai tambaya, wato ina zafi zai buga, ina hayaƙi zai bi, ina ƙafa za ta taka, wace ƙofa ake son a hango da sauri, to jirginsa zai shiga ido ko da babu irinsa a duniya.

Saura batun nisa. Enterprise na AMT an rage girmansa sau 650, wato wanda ya tsaya metir ɗaya daga gare shi kamar mai hangen jirgin ne daga metir 650. Duk wanda ya yi tafiya ranar hazo ya san dutsen da ke nesa ya fi na kusa fari-fari, don iska da ƙura suna tsakani. Saboda haka masu haɗa jiragen yaƙi da yawa sukan ƙara ɗan fari cikin kowane launi, gwargwadon ƙanƙantar samfur. Da aka zo ga kumbuna sai wasu suka ce wannan doka ba ta hau ba, tun da babu iska a sararin samaniya, balle hazo. Ɗaya ɓangaren suka amsa cewa ba wanda ya taɓa ganin Enterprise a sararin samaniya, a fim aka gan shi, kuma bisa tebur za a kalle shi. Launi mai nauyi a jikin ƙaramin abu yakan sa ya yi kama da abin wasan yara. Ga alama ƙara farin ya fi kusa da abin da ido ke nema.

Kafin a buɗe gwangwani

Daga duk wannan, waɗanda suka daɗe cikin sana'ar sun fitar da wasu ladubba. Na farko, mutum ya tsai da jirgin da yake nufi, na ɗakin hoto, ko na telebijin, ko na zuciyarsa, ya tara hotuna daga tushe ɗaya, kada ya ɗauki hanci daga wannan ya ɗauki wutsiya daga wancan. Na biyu, ya wanke gaɓoɓin da ruwan sabulu, ya yi musu fentin shimfiɗa, yana sane da cewa shimfiɗar tana leƙowa: launi ɗaya bisa fari ya fi haske, bisa baƙi ya fi nauyi. Na uku, kada ya gwada a jikin jirgi. Cokalin roba ya isa. Ya shafa, ya bari ya bushe sarai, don ɗanyen fenti ba ya faɗin gaskiya, sa'an nan ya yi irin ta mai sayen shadda, ya fita da cokalin bakin ƙofa da hantsi, ya sake dubawa da dare ƙarƙashin fitilar ɗakin da jirgin zai zauna.

Na huɗu, ya rubuta gaurayensa cikin littafi kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta bashi: ɗigo kaza na fari, kaza na baƙi, kaza na tsanwa. Ya kuma dama wanda zai ishe shi gaba ɗaya, don damu biyu ba sa zuwa daidai. Na biyar, ya san irin fentin da ke hannunsa. Fentin mai, irin ƴan gwangwanayen Humbrol masu mililita 14, yana da wari kuma yana jinkirin bushewa, amma yana kwanciya sumul. Fentin ruwa, wanda ake kira akrilik, yana bushewa da sauri, kuskurensa kuma ya fi sauƙin gyara tun yana ɗanye. Ko wane ne, shafe uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Lambobin mannawa sun fi kama jiki bisa fenti mai ƙyalli, daga baya a bi da rufi marar ƙyalli don jirgi ya daina walƙiya kamar sabon kwano.

Na ƙarshe shi ne mafi wuya, wato tsufar da jirgi. Ana tsinka baƙin fenti ko ruwan ƙasa har ya koma kamar ruwan shayi, a bari ya bi tsagogi da lunguna, a goge saura. Hannu yakan ji daɗin wannan aiki har ya ƙi tsayawa. Tsofaffin hannu suna dakatawa tun suna ganin kamar da saura, su ajiye aikin ya kwana, su dawo da sabon ido da safe. Ƙari yana da sauƙi koyaushe, ragi ne babu.

Taƙi ɗaya na shaida

Wanda ya sayi kwali da kuɗinsa yana da iko ya shafa wa jirginsa ruwan ɗorawa in ya ga dama, kuma ba wanda zai kai shi gaban alƙali. Fari na yarinta, da toka mai tsanwa ta gidan tarihi, da launin da mutum ya ƙaga, duk hanyoyi ne masu kyau. Inda laifi yake shi ne mutum ya shafa son ransa ya ce shi ne asali. Kama da wane ba wane ba ne. A ma'aikatar magajin gari ba a buga wa kopi hatimi sai an ga takardar asali, kuma da wannan ƙa'ida ce gidan tarihin Washinton ya yi aiki a 2016: ya faɗi ranar da yake bi, ya nemo shaida, ya rubuta abin da ya yi don na baya.

Bambancin da ke tsakanin mai kwali da mai gyaran gidan tarihi shi ne amana. Na farko in ya ɓata, nasa ya ɓata, gobe ya sayi wani. Na biyu abu ɗaya tilo aka damƙa masa, wanda babu na biyunsa a kasuwa. Da a ce wani daga cikin masu gyaran nan uku ya ga saman faifan ya tsufa, ya ce bari ya kyautata shi, da yau babu mai iya cewa ga ainihin yadda Enterprise yake, sai dai a yi ta musu har abada. Hannun da aka janye ya fi buroshin da aka shafa amfani.

Wannan darasi bai tsaya ga masu jiragen roba ba. Duk wanda aka ba gyaran tsohon abu na jama'a, soro ne mai zanen magina na da, ko ƙofar fada, ko kundin ajami da kakanni suka bari, zai ji sha'awar ya sabunta kome ya yi ƙyalli, don a ga aikinsa. Kafin ya buɗe gwangwani, ya kamata ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya tarar, ya kuma bar ko da taƙi ɗaya a wani lungu yadda yake. Wata rana wani zai zo wanda ya fi shi kayan aiki da sani, kuma wannan taƙi shi ne zai ba shi labari.

Allah ya ba mai sana'a haƙuri, ya ba mai amana ikon riƙewa. Sai mako mai zuwa, in rai ya kai.